Muttaƙa Mai Kifin Ƙarya

Ranar da iska ta koro gorar kamun kifin Hayatu bakin ruwa babu Hayatu a kanta, Muttaƙa yana Tsarnawa, zaune cikin rumfarsa ta bakin kwalta, yana goge bayan wani cokali da magagari. Hantsi ya ɗaga. Kamyoyin siminti na Malbaza suna wucewa, ƙasa na rawa a ƙarƙashin bencinsa. Salula ta yi ta kuka a aljihunsa, ya ƙyale ta don hannunsa duk garin ƙarfe ne. Da ta ƙi yin shiru sai ya shafe hannun a wando ya ɗauka.

Alkasum ne, wani masunci daga Tunga, ƙauyen masunta da ke bakin baraji, wato madatsar ruwa.

"Muttaƙa, bar abin da kake yi ka taho. Ƙanen matarka ya shiga ruwa tun da safe. Ga gora ta dawo, shi ba mu gan shi ba."

"Hayatu? Ai Hayatu ruwa gidanshi na. Ku duba ko ya fita ta wancan gefen."

"Mun duba." Alkasum ya sassauta murya. "Da abinka ya shiga, wanda ka ba shi jiya. Kowa ya sani. In ka taho kar ka biyo ta cikin gari, biyo ta garaken albasa."

Muttaƙa ya miƙe ya fita. Gidansa a bayan rumfar yake. Ya tarar da matarsa Zahara'u a tsakar gida tana tsince wake. Ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ta ajiye faifan.

"Malam, wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Hayatu na ake nema cikin ruwa."

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙa wa maƙwabciya ƴarsu Muhsina ta kan katanga, ta ɗauki mayafi, ta riga shi isa wurin moto. Tun daga Tsarnawa har suka saki kwalta suka kama hanyar ƙasa ba ta riƙe shi ba. Ƙarfen baya ta riƙe.

Muttaƙa ba ɗan masunta ba ne. Gidansu gidan noma ne, gero da dawa da wake, ruwan da ya sani yana yaro bai wuce na rijiya da na kududdufi ba. Da ya tasa sai ya bi kamyon siminti yana aparanti, wato yaron mota, daga Malbaza zuwa Yamai, wani lokaci har Gaya. A Gaya ne wata rana, suna jiran a sauke kaya, ya ga wani mutum a bakin kogi yana jefa wani abu mai ƙyalli, ya jawo, ya sake jefawa. Babu tana a ƙugiyar, ba hanjin kaza, ba komai. Muttaƙa na shirin yin dariya sai sandar mutumin ta lanƙwashe, ya fito da kifi kamar cinya. Ya matsa ya roƙa a nuna masa. Ɗan ƙarfe ne mai kama da bakin cokali, da ƙugiya a wutsiya. Mutumin ya ce a cikin ruwa juyi yake kamar ƙaramin kifi mai rauni, manyan kifaye masu cin ƴan uwansu ba sa iya ƙyale shi.

Abin ya zauna masa a rai. Da idon mahaifinsa ya raunana ya dawo gida, ya kafa rumfar facin taya a bakin hanya. In babu aiki sai ya ɗauko tsofaffin cokula, ya yanke mariƙi, ya bubbuga, ya huda. Da wayar ƙafar keke yake yin zobe, da jan farce yake yi musu kai, wani ya ɗaura masa gashin zabo. Rabin duron ruwan da yake tsoma robar taya don gano huda, a ciki yake jan su ya ga yadda suke iyo. Masu jiran faci suna kallo suna dariya. Su suka sa wa abin suna kifin ƙarya, shi kuma suka liƙa masa.

Aure ne ya kai shi Tunga. Surukarsa Kande tana kawo soyayyen kifi kasuwar Tsarnawa, a nan ya ga Zahara'u. Ƙanenta Hayatu, magidanci mai mata da ƴaƴa, shi ya fi kowa tsokanarsa, da yake akwai wasa tsakaninsu. "Mijin Yaya, ka kawo ma kifinmu cokali? To ina kunun?" Haka yake ce masa duk zuwan da ya yi. Sai ranar da Muttaƙa ya tsaya a kan duwatsun baraji ya fito da giwar ruwa a gaban idonsu, kifin da su ba sa samu sai in ya faɗa taru. Daga ranar dariya ta ragu.

Ma'aikatan izin, wato masana'antar siminti ta Malbaza, masu zuwa fatsa ranar Lahadi su suka fara saye. Direbobin da ya sani tun yana aparanti suka riƙa ɗauka suna kai wa mutanen Gaya da Yamai. Ya koyi sassaƙa na itacen aduwa, masu nutsewa da masu yawo a sama. A hankali faci ya zama abin da ke hana shi aiki, ya bar wa wani maƙwabci kayan facin, ya rataye kifayensa a igiya a bakin rumfa suna ƙyalli. Mutum ɗaya ne bai taɓa ko taɓa su da hannu ba, Sarkin Ruwa Tanimun, dattijon da ruwan Tunga ke hannunsa. Bai hana ba, bai kuma sa albarka ba.

Akwai wata giwar ruwa a barajin da ta daɗe tana yaga wa masunta taru. Hayatu ya ɗora mata rai. Shi ya matsa wa Muttaƙa ya yi masa babban kifin ƙarya, mai tsawon tafin hannu, da igiya mai kauri. Muttaƙa ya yi, bai taɓa yin mai kyansa ba. Da zai miƙa masa ya ce, "Daga tudu za ka jefa fa." Hayatu ya yi dariya ya sa a aljihu. Yanzu da moton ke tsalle a tsakanin garake, dariyar nan ce ke dawo masa. Mai su a kan gora rub da ciki yake kwantawa a kanta, yana tuƙi da hannu da ƙafa. Ba shi da hannun riƙe igiya, sai dai ya ɗaure ta a wuyan hannu.

Tun daga nesa suka jiyo kukan mata. Duk Tunga ta sauko bakin ruwa. Gorar na nan a kan taɓo, babba, baƙa don tsufa, ba wanda ya taɓa ta. Wasila matar Hayatu na zaune a ƙasa mata sun riƙe ta. Kande na tsaye ita kaɗai, ruwa har idon sawunta, tana kallon tsakiyar baraji inda kwale-kwale ke yawo, maza na caka dogayen sanduna. Zahara'u ta sauka tun moto bai tsaya ba, ta nufi uwarta.

Muttaƙa bai gama kafe moton ba aka ci kwalar rigarsa. Takama ne, ɗan baffan Hayatu, ƙato, jikinsa jiƙe sharkaf.

"Kai har kana da idon zuwa nan? Mu da munka gaji ruwan ga tun kakanni, ba a taɓa fidda gora babu mai ita ba sai da ka kawo muna tsiyarka!"

Samari suka zagaye su. Wani ya ture moton ya faɗi, mai ya fara zuba. Muttaƙa ya ji wuyan rigar na shaƙe shi, bai ɗaga hannu ba. Ya hango Alkasum a bayan mutane, kansa a sunkuye.

"Takama, sake shi."

Sarkin Ruwa ne. Bai ɗaga murya ba, amma aka buɗe masa hanya. Siririn tsoho ne, wandonsa a naɗe har gwiwa. Ya tsaya gaban Muttaƙa.

"Igiyar da ka ba shi, tsawonta?"

"Ranka shi daɗe, tana da tsawo. Za ta kai daga nan zuwa waccan itaciyar bedi."

"In kifi ya ja da ƙarfi, tana tsinkewa?"

Kande ta juyo. Tun da ya auri ɗiyarta Muttaƙa bai taɓa haɗa ido da ita ba, yau ga idonta a kansa. Da bakinsa ya sha yi wa masu saye alfahari da igiyar nan, cewa ko jaki ta ɗaure ba ya tsinka ta.

"Ba ta tsinkewa, ranka shi daɗe."

Wasila ta ƙwalla ƙara. Kande ta mayar da fuskarta ga ruwa.

"Ƙugiyar fa? Tana miƙewa?"

"A'a."

Sarkin Ruwa ya juya yana kallon wancan gefen barajin, inda kawunan matattun itatuwa ke leƙowa daga ruwa, itatuwan da ruwa ya ci tun da aka tare kwarin.

"To banza muke nema nan," ya ce. "In giwar ruwan ga ta ji ƙarfe a baki gida za ta, kuma gidanta cikin itatuwan can yake. Duk inda ta tafi da shi ta tafi. Takama, kawo jirgina. Kai kuma shiga."

"Sarki, wanga ko iyo bai iya ba," in ji Takama.

"Na sani. Shi shiga."

Jirgin ƙarami ne, yana yoyo ta gindi. Sarkin Ruwa ya zauna a gaba, Takama a baya da filafili, Muttaƙa a tsakiya da sakaina yana kwashe ruwa. Iskar da ta koro gorar ita suke fuskanta. Da suka bar gaɓa igiyar ruwa ta fara dukan bakin jirgin tana fallatso musu. Abin da ya kwashe kaɗan ne a kan abin da ke shigowa. Yana jin numfashin Takama a ƙeyarsa, yana kuma sane da cewa in jirgin nan ya kife ba shi za a fara cetowa ba. Ya dubi ruwan, ja ne, ba a ganin ko tafin hannu a ciki. Ya riƙa karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, rabi don Hayatu, rabi don kansa.

Da suka shiga cikin itatuwan Takama ya rage tuƙi. Rassa na nan a ƙarƙashi, suna kartar cikin jirgin. Sarkin Ruwa ya haɗa hannu a baki ya kira sunan Hayatu. Balbelu suka tashi. Ba amsa. Suka zagaya wani kututture, suka wuce wani, suka ga tsohon taru a sarƙe da reshe, Takama ya taɓa shi da filafili, ba komai a ciki. Rana ta take tsaka. Takama ya kira, muryarsa ta fashe a tsakiyar sunan.

Muttaƙa ne ya ga reshen. Duk rassan wurin iska ke kaɗa su gefe ɗaya, wannan kuwa fizga yake, ya tsaya, ya sake fizga.

"Ranka shi daɗe, can."

A bayan kututturen suka same shi. Kansa kaɗai ke waje, haɓarsa a kan reshe, hannun hagu ya maƙale reshen har hammata. Hannun dama yana cikin ruwa, a miƙe, wani abu na jansa ƙasa. Kifin ya zagaye kututturen da igiyar, shi bai tafi ba, Hayatu kuma bai iya hawa ba. Duk fizgar da ya yi sai ruwa ya rufe bakin Hayatu, ya sake ɗagowa yana tari. Leɓɓansa sun yi fari, idonsa a buɗe amma kamar bai gane su ba.

Takama ya zaro wuƙa daga ƙugunsa. Muttaƙa ya ga ƙyallinta a gefen fuskarsa, jikinsa ya sandare. Takama ya cije ta a baki, ya ce ta tsakanin haƙora, "Riƙe shi. In ka sake shi, kai ma ba ka komawa." Ya zame cikin ruwa.

Muttaƙa ya kwanta a bakin jirgin, Sarkin Ruwa ya koma ɗaya gefen don kada su kife. Ya cusa hannuwansa a hammatar Hayatu. Jikin sanyi ƙalau, ga santsi. Sai ya ji fizgar ta ratsa ta jikin Hayatu ta shigo nasa, ƙarfin da bai taɓa jin irinsa ba, har ƙirjinsa ya zame a kan katako, fuskarsa ta taɓa ruwa.

"Kar ku yanke," in ji Hayatu, da wata murya kamar ta mai barci. "Tana nan. Mijin Yaya, tana nan, ta gaji."

"Yanke!" Sarkin Ruwa ya daka tsawa, karo na farko da Muttaƙa ya ji ya ɗaga murya.

Takama ya ɗago ya shaƙi iska, ya sake nutsewa. Aka sake fizga, bakin jirgin ya sha ruwa. Muttaƙa ya ji yatsunsa na zamewa, ya kafa haƙora a kafaɗar rigar Hayatu ya riƙe. Sai nauyin ya saki gaba ɗaya, har suka kusa kifewa ta baya.

Da suka jawo shi ciki suka ga hannun. Igiyar ta nutse cikin naman wuyan hannu har ba a ganinta, tafin ya kumbura ya yi baƙi. Wuƙar Hayatu tana cikin gorar, inda masunta ke ajiye kayansu, ta tafi tare da ita tun fizgar farko.

A bayan wata motar albasa aka kai shi likita a Ƙonni. Hannun bai kai ga yankewa ba, amma yatsu uku sun mutu, ba sa naɗewa ba sa miƙewa. Mai jefa ragar birgi kuwa da yatsunsa yake ci. Duk Tunga ta san abin da hakan ke nufi tun kafin a sallamo shi.

Bayan sallar Juma'a aka zauna a ƙofar Sarkin Ruwa, har da wani ma'aikacin fore, wato hukumar kula da daji da ruwa, da aka gayyato daga Ƙonni. Muttaƙa ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, nesa da tabarma. Takama ya ce a rufe rumfar Tsarnawa, a tara kifayen ƙaryar a ƙone. Wasu suka goya masa baya. Waɗanda suka sha cin kasuwa da kifin da suka kama da su suka yi shiru, Alkasum na tonon ƙasa da tsinke. Ma'aikacin fore ya ce a doka ba a hana fatsa da irin wannan ba, amma ruwa yana da masu shi, ba zai shiga tsakani ba. Aka tambayi Muttaƙa ko yana da magana. Ya ce ba shi da ita.

Sarkin Ruwa ya yanke. Rumfar Tsarnawa ba a ƙasarsa take ba, ba ruwansa da ita. Amma a barajin nan, duk wanda aka gani da kifin ƙarya a kan gora ya bar ruwan ke nan, shi da gorarsa. Babba irin na Hayatu kuwa ko daga tudu an hana. Shi Muttaƙa, kada ya sake jefa ƙugiya a ruwan Tunga.

Aka shafa fatiha. Muttaƙa ya bi ta gidan surukai, ya durƙusa a bakin zaure ya yi sallama. Ya ji motsin Kande a ciki, ya ji ta ajiye tukunya. Ba ta amsa ba. Zahara'u ce ta leƙo ta ce za ta zauna jinyar ɗan uwanta, a aiko mata da Muhsina. Bai tambaye ta yaushe za ta dawo ba, don yana tsoron amsar.

Ya koma Tsarnawa ya sauke igiyar kifayen, ya zuba su a buhu tare da guduma da magagari, ya tura ƙarƙashin gado. Direbobi na tsayawa suna tambaya, yana cewa babu. Rumfar ta zama wurin da yake zama kawai yana kallon motoci. Duk lokacin da salula ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi, don akwai kifayensa da yawa a hannun mutanen da bai san da me suke shiga ruwa ba.

Da ruwan shuka ya sauka, ya gama tasa gonar, sai ya ɗauki kwashe ya tafi gonar Hayatu da ke bayan Tunga. Ba wanda ya aike shi. Ya shuka, ya dawo ya yi noman farko, ya yi maimai. Masu wucewa na ganinsa, wasu su yi masa sannu, wasu su kau da kai. Wata rana da azahar ya ɗago ya ga ƙwaryar fura a gindin kalgo, an rufe da faifan da ya sani, na Kande. Bai ga wanda ya ajiye ba. Ya zauna ya sha, hawaye na zuba a ciki.

A gonar ne Hayatu ya same shi wata rana, hannun a naɗe cikin tsumma, ya rame. Ya tsaya yana kallon geron.

"Layinka ya karkace," ya ce. "Manomi ke nan."

Muttaƙa ya ajiye kwashe ya matso.

"An ce ka bar aikin."

"Na bari."

"Don ni?" Hayatu ya zauna a kan kunya. "Ni na ɗaure ta ga hannuna. Ka ce daga tudu, na ji ka sarai. Ba wai ba na jin haushinka ba, ina ji, in na dubi hannun ga da safe kai nake fara tunawa. Amma in ka zauna kana kallon kwalta, Yaya mi za ta ci? Ɗiyana da kake noma ma, mi za ka kai musu in rani ya yi?"

"In wani ya sake..."

"To yi wanda ba ya kashe mutum. Kai ba gwanin dabara ba na?"

Zahara'u ta dawo kafin girbi. Ba su yi maganar ba. Tana shara ta jawo buhun daga ƙarƙashin gado, ta kai shi bakin rumfa ta ajiye, ta koma ciki.

Aikin da Muttaƙa ke yi yanzu ya bambanta da na da. Kowane kifi da ɗan katakon naɗe igiya yake fita, mai yawo a kan ruwa in an sake shi. Kusa da ƙugiya kuma yana ƙulla guntuwar igiya siririya, wadda za ta tsinke in jan ya fi ƙarfin hannun mutum. Masu saye da yawa ba sa so. Suna cewa ga kifi ya tafi, ga abin da suka saya ya tafi. Wasu sun koma wurin wani mutum a kasuwar Ƙonni da ya kwaikwayi aikinsa, yana sayar wa kowa ba tambaya. Duk da haka rumfar na ci da gidan. Mutanen izin na zuwa, direbobi na ɗauka. Hayatu kuwa bandar kifi yake yi a Tunga, Wasila na kaiwa kasuwa. Kande tana amsa gaisuwarsa yanzu, a taƙaice, daga bayan zana. Takama har yau in sun haɗu a hanya ɗaga kai kawai yake yi.

A ranin da ya wuce wani baƙo ya sauka daga kabu-kabu a bakin rumfar, ya ce sunansa Alhasan, daga wani tabki a wajen Illela. Ya juya kifayen ɗaya bayan ɗaya, ya ce babba yake so, irin wanda ya ji labari, da igiya mai kauri tun daga sama har ƙasa.

"Da mi kake shiga ruwa?" in ji Muttaƙa.

"Da gora mana."

"To ba ni da shi."

"Ga su nan rataye, malam."

"Ba na sayarwa ba na, gare ka."

Ya ba shi labarin hannun Hayatu, bai rage komai ba. Alhasan ya saurara yana murmushi, ya ce shi tun yana goye yake kan gora. Ya tambayi mai kabu-kabun ko ya san inda ake sayar da su a Ƙonni. Ya sani. Suka hau suka tafi.

Muttaƙa ya bi su da ido har kamyo ya shiga tsakani. Ya ɗauki guduma, ya ajiye. Ya zagaya rumfar, ya dawo ya zauna. Can ya ciro salula ya kira Hayatu, ya faɗa masa.

"Ba ya jin tawa," ya ce. "Ni ba ɗan ruwa ba na. Ko ka san wani can da zai yi mashi magana?"

Ta cikin wayar yana jin Hayatu na tari cikin hayaƙin banda.

"Sarkin ruwansu abokin Baba Tanimun na," in ji Hayatu. "Bari in wanke hannu in tafi wurinshi. Alhasan ɗan wa ya ce maka?"